Tasha da Ƙofa: Sharhi a kan Ra'ayin Gina Unguwa a Kewayen Tashar Jirgin Cikin Gari, Bisa Ma'aunin Ƙofar Rini ta Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan wani ra'ayi da ya sami karɓuwa ƙwarai wurin masana tsarin birane tun daga shekarun 1990. Ra'ayin kuwa shi ne, duk inda aka kafa tashar jirgin ƙasa na cikin gari, to, a gina mata unguwa a kewaye, wadda ta haɗa gidajen kwana da kantuna da wuraren aiki da makarantu, ta yadda mazauninta zai biya yawancin bukatunsa da ƙafa, in kuwa tafiya mai nisa ta kama shi, sai ya taka zuwa tasha ya hau jirgi. Don sauƙin magana, za mu riƙa kiran wannan ra'ayi da sunan "unguwar tasha".

Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan biri da gada? Ai Sakkwato ba ta da jirgin cikin gari, hasali ma dogo bai taɓa isa gare ta ba, domin layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya ne a Ƙauran Namoda tun 1929. Amsar wannan tambaya kashi biyu ce. Na farko, a watan Maris na 2023 an yi wa Tsarin Mulkin Nijeriya gyara, aka fitar da sha'anin jiragen ƙasa daga jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko a kansu, watau yanzu kowace jiha tana iya shimfiɗa nata dogo. Na biyu, ra'ayi yakan riga ƙarfe isowa. Kafin a kafa dogo ko da taku ɗaya, za a zana taswira, kuma a kan takardar nan ne ake yanke hukuncin gidan da zai tsaya da wanda zai faɗi. Hausawa sun ce, tun ran gini tun ran zane.

Abin da wannan takarda ke son ta tabbatar shi ne, an ƙirƙiri ra'ayin unguwar tasha ne domin a warkar da biranen da mota ta warwatsa, inda ake da fili amma babu unguwa. A tsohon birnin Sakkwato kuwa unguwar tana nan da ranta. Saboda haka aikin mai tsara birni a nan shi ne ya kai mata tasha ba tare da ya rusa ta ba, kuma ra'ayin, a yadda ya zo mana, bai tanadi kayan wannan aiki ba.

2.0 Asalin Ra'ayin

Wanda ya fi shahara da wannan ra'ayi shi ne Peter Calthorpe, wani masanin zanen gine-gine na Kalifoniya ta ƙasar Amurka, a cikin littafinsa mai suna The Next American Metropolis, wanda aka buga a 1993. A tsarinsa, tasha da 'yar kasuwa su ne cibiya, sa'an nan gidaje su kewaye su a cikin nisan da bai wuce ƙafa 2,000 ba a matsakaici, watau kimanin mita 600, ko tafiyar minti goma. Gidaje su fi cunkoso kusa da tasha, su riƙa sassautawa in an yi nisa da ita.

Calthorpe ba shi ne farau ba. Tun a 1929 Clarence Perry ya zana wa birnin New York abin da ya kira curin unguwa, mai faɗin eka 160, da makarantar firamare a tsakiya, yadda tafiyar yaro zuwa makaranta za ta zama kimanin rubu'in mil. Haka kuma a 1961 Jane Jacobs, a cikin littafinta The Death and Life of Great American Cities, ta soki masu raba gari gida-gida, nan wurin kwana, can wurin aiki, can kuma wurin ciniki, ta nuna cewa titin da ke da rai shi ne wanda mutane ke bi a kowane lokaci don bukatu iri-iri.

Lalle ne mu lura da cutar da waɗannan mutane ke neman maganinta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu biranen Amurka sun bazu cikin karkara, kowane gida da filinsa da motarsa, har ya zama mutum ba ya iya sayen burodi sai ya ta da mota, domin doka ta hana buɗe kanti a unguwar kwana. Ga irin wannan gari, ra'ayin unguwar tasha magani ne na gaske. Amma ba a ɗaukar maganin majinyaci a ɗura wa mai lafiya don kawai maganin ya yi suna.

3.0 Ƙofar Rini a Matsayin Ma'auni

Muhammadu Bello ne ya kafa birnin Sakkwato a 1809, kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, Shehu Usmanu kuma ya ƙaura zuwa cikinsa daga Sifawa a 1815, ya rasu a nan a 1817. An kewaye birnin da ganuwa mai ƙofofi, daga cikinsu akwai Ƙofar Rini, da Ƙofar Kware, da Ƙofar Marke, da Ƙofar Kade, da Ƙofar Dundaye, da Ƙofar Taramniya, da Ƙofar Atiku. Ganuwar ta zube a yawancin wurare, gidaje sun cinye gurbinta, amma sunayen ƙofofin sun wanzu, sun zama sunayen unguwanni. Ƙofar Rini a yau unguwa ce a cikin Ƙaramar Hukumar Sakkwato ta Arewa.

Idan muka tambayi kanmu mene ne ƙofa a tsarin birnin Hausa, za mu ga cewa ita ce tashar wancan zamani. Ta nan manomi ke fita gona da safe ya komo da yamma, ta nan fatake da jakunansu da raƙumansu ke shigowa, nan ake tsayawa a huta, a sha ruwa, a ji labarin hanya. Duk inda mutane ke tsayawa kuwa, mai abinci da maƙeri da wanzami ba su nisa. Watau ke nan unguwar ƙofa ta tsiro ne daga zirga-zirga, kamar yadda Calthorpe yake fata unguwar tasha za ta yi.

Wannan tsari kuma da gangan aka yi shi. A cikin Usul al-Siyasa, wadda Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi da gina garuruwa a cikin wajiban shugaba. Manufarsa ta kafa ribaɗi, irin su Wurno inda ya rasu a 1837, ta ginu ne a kan tara mutane wuri guda, da masallacinsu da makarantarsu da kasuwarsu da masu sana'arsu. Shaidar wannan tana nan a sunayen shiyoyin Sakkwato, kamar Madunka ta masu aikin fata da Maƙera Assada ta maƙera, inda wurin aiki da wurin kwana suke abu guda.

Mazaunin Ƙofar Rini, kamar takwaransa na kowace shiya ta tsohon birni, da ƙafa yake zuwa masallaci sau biyar a yini, da ƙafa 'ya'yansa ke zuwa makarantar allo da ta boko, da ƙafa ake kai niƙa, a sayo cefane, a kai ɗinki, a je asibitin sha-ka-tafi, a je jana'iza ko ɗaurin aure. Fadar Sarkin Musulmi da Masallacin Shehu da Masallacin Bello da Hubbare duk suna cikin tsohon birnin nan. Duk sharuɗɗan da Jacobs ta lissafa, watau cuɗanyar bukatu, da gajerun hanyoyi, da tsofaffin gine-gine tare da sababbi, da yawan jama'a, sun cika a nan ba tare da kowa ya karanta littafinta ba. Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta.

4.0 Darasin Tashoshin da Muka Riga Muka Gani

Ƙasar Hausa ba baƙuwar tashar jirgi ba ce, kuma ya kamata mu duba abin da tashoshin farko suka yi wa biranenmu. Dogo ya isa Kano a 1911, aka kafa tasha a wajen ganuwa, kamfanonin sayen gyaɗa da fata suka yi layi kusa da ita, Sabon Gari kuma ya tsiro ba da daɗewa ba. A Zariya ma haka aka yi: tasha tana arewa da birni, a ƙetaren Kubanni, Sabon Gari ya girma a jikinta, Tudun Wada ta shiga tsakani. A duka wuraren biyu tasha ta haifi unguwa mai cuɗanyar gidaje da kasuwanci, amma ta janye sabon arziki daga tsohon birni, ta kuma raba mazauna gari bisa asali.

Akwai wani abin lura a nan. Dokar Garuruwa ta 1917 da ƙa'idojin Lugard sun tanadi a bar fili wanda ba a gini a cikinsa, mai faɗin yadi 440, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da gobara da ƙarar ganguna. Yadi 440 kuwa shi ne daidai rubu'in mil, watau nisan nan da Perry ya ɗauka a matsayin tafiyar da ke haɗa maƙwabta. Awo ɗaya ne, a can ya zama igiyar zumunci, a nan ya zama katanga. Wannan ya isa ya nuna mana cewa lamba a kan taswira ba ta da alheri ko sharri a kanta, sai dai niyyar mai riƙe da alƙalami.

A zamaninmu kuma ga misalin Abuja. An buɗe jirgin cikin garinta a watan Yuli na 2018, mai tashoshi 12, amma uku ne kawai suka fara aiki, watau ta tsakiyar gari da ta Idu da ta filin jirgin sama. Da yawa daga cikin sauran suna cikin fili, nesa da gidajen mutane, wasu ko hanyar mota mai kyau ba ta kai gare su ba. Layin bai bi ta Nyanya da Karu da Mararaba ba, inda ɗimbin ma'aikata ke kwana. Jirgin ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai sake tashi ba sai a watan Mayu na 2024, bayan an gyara shi an kuma gina hanyoyin shiga tashoshin. An kafa tasha ana jiran unguwa ta zo, unguwa kuwa ba ta zo ba.

Adis Ababa ta ƙasar Habasha ta yi akasin haka. Jirginta, wanda aka buɗe a 2015 da tashoshi 39, ya ratsa tsakiyar jama'a, ya kuma sami fasinja. Sai dai a wurare da dama an killace dogon da shinge a tsakiyar titi, har ya zama mai son ƙetarawa zuwa kantin da yake hange sai ya yi doguwar kewaya. Jirgin da aka kawo don masu tafiya da ƙafa ya tsinke musu hanya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

5.0 Naƙasu Uku a Cikin Ra'ayin

5.1 Da'ira da Rana

Naƙasu na farko shi ne, ra'ayin yana auna nisa, ba ya auna wahala. Mai zane yakan kafa tsinke a kan tasha ya zagaya da'ira mai nisan mita 600, ya ce duk wanda ke ciki fasinja ne. Wannan lissafi ya ɗauka cewa mita ɗari a ƙarƙashin inuwa daidai take da mita ɗari a kan kwalta da tsakar rana. Duk wanda ya yi bazara a Sakkwato ya san ba haka ba ne, domin a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40. Tsoho, ko mace mai goyo, ko mai azumi, ba zai taka mita 600 a buɗaɗɗen titi da azahar ba alhali ga ɗan kabu-kabu a ƙofar gida.

Lissafin kuma yana da tsanani fiye da yadda ake zato. Da'ira mai nisan mita 600 tana ɗauke da fili kimanin hekta 113. Idan rana ta rage tafiyar da mutum zai jure zuwa mita 300, filin zai koma kimanin hekta 28, watau kashi ɗaya cikin huɗu. An rage rabin nisa, an yi asarar kashi uku cikin huɗu na masu hawa. Ashe ke nan a Sakkwato inuwa tana cikin jarin jirgi, kamar yadda dogo da tarago suke.

Tsohon birni ya daɗe da sanin wannan. Lungu mai ƙunci tsakanin dogayen katangu yana cikin inuwa yawancin yini, zaure wurin hutawa ne, haka gindin dogonyaro da rumfar masallaci. Abin tsoro shi ne, abu na farko da mai tsara unguwar tasha zai nema shi ne faɗaɗa hanyoyin da ke kaiwa tasha, ya miƙar da su, ya shimfiɗa kwalta da daɓen siminti. Da zarar ya yi haka ya kori inuwar da ke sa mutane tafiya, da sunan sauƙaƙa musu tafiya.

5.2 Kanti da Zaure

Naƙasu na biyu ya shafi ma'anar cuɗanyar gidaje da sana'o'i. A zanen Calthorpe da mabiyansa, siffarta ɗaya ce: bene, kanti a ƙasa mai fuskantar titi, ɗakunan haya a sama. Sana'a a wurinsu ita ce wadda ido ke gani daga bakin hanya. A birnin Hausa kuwa babban kaso na sana'a yana bayan zaure. Polly Hill ta bayyana wannan tun 1969 a bincikenta na Ɓatagarawa kusa da Katsina, inda ta nuna yadda matan aure ke gudanar da ciniki mai yawa daga cikin gidajensu, Enid Schildkrout kuma ta nuna irinsa a Kurawa da Ƙofar Mazugal ta Kano a shekarun 1970. Fura da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da ɗinkin hula da kitso da adashi da kiwon tumaki da awaki, duk a tsakar gida ake yin su. Zaure kuwa shi ne makaranta, shi ne shagon tela ko baduku, shi ne majalisa, shi ne masaukin baƙo.

Mai ƙidaya da ya zo da takarda mai gurbi biyu, "gidan kwana" da "wurin kasuwanci", zai rubuta Ƙofar Rini a gurbi na farko, ya kammala da cewa unguwar tana bukatar a cuɗa ta. Daga nan sai a ba da shawarar rushe gidajen da ke kusa da tasha a gina benaye. Matar da aka ɗauke daga gida mai tsakar gida aka kai ta ɗaki biyu a hawa na uku ta rasa murhu da turmi da turke, watau ta rasa jarinta baki ɗaya, kuma ba za a ga wannan asara a cikin rahoton kowa ba, domin tun farko ba a lissafa sana'ar ba.

Ba muna cewa wannan tsari ba shi da aibu ba ne. Cinikin cikin gida ya daɗe yana dogara ga tallar yara mata, abin da ke hana da yawa daga cikinsu karatu. Amma gyaran wannan shi ne a samar wa kayan matan hanyar fita, alal misali rumfuna a bakin tasha waɗanda ƙungiyoyinsu za su riƙe. Rushe tsakar gida ba ya mai da yarinya makaranta, sai dai ya ƙara wa gidan talauci.

5.3 Ƙasa da Masu Ita

Naƙasu na uku shi ne mafi girma, domin ra'ayin ya yi shiru a kan wanda zai ci amfanin tasha. Sanin kowa ne cewa duk inda aka kafa tasha darajar fili takan tashi. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun Gwamna a matsayin amana, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili don maslahar jama'a. Diyyar da sashe na 29 ya tanada kuwa ta abin da aka gina ko aka shuka ce a kan filin, a kimanta kuɗin maye gurbin ginin a cire tsufansa. Gidan ƙasa mai shekara ɗari, wanda iyali uku ko huɗu ke ciki, a wannan ma'auni kuɗinsa kaɗan ne, ko da kuwa yana tsakiyar gari. Maƙwabtakar da aka gada, da kusanci da masallaci da kasuwa da kabarin iyaye, ba su da gurbi a takardar mai kimantawa.

Daɗin daɗawa, yawancin gidajen tsohon birni na gado ne, magada da yawa ke tarayya a cikinsu, kuma kaɗan ne ke da takardar shaidar mallaka. In aka raba diyya a tsakaninsu, rabon kowa ba zai sayi fili ba sai a bayan gari. Sakamakon shi ne, mutanen da suka fi kowa tafiya da ƙafa za a tura su inda ba a rayuwa sai da abin hawa, masu motoci kuma su gaje bakin tasha. In haka ta faru, an kashe kuɗin jama'a an sayo kishiyar abin da aka nufa.

Akwai hanyoyin kauce wa wannan, kuma an jarraba su. A Japan, bisa dokar 1954, da jihar Gujarat ta Indiya, bisa dokar 1976, akan tattara filayen unguwa, kowane mai fili ya ba da wani yanki don hanya da magudana, sa'an nan a mayar masa da ragowar a wurin, ta ƙanƙance amma ta fi daraja. Mai gida ya zama abokin tarayya a cikin ribar. A gida kuma muna da namu tushe. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alim al-Radi a kan hukunce-hukuncen mallakar ƙasa, fiƙihun Malikiyya ya san haƙƙin shufu'a na abokin tarayya da hukuncin hana cutar da maƙwabci da mai wucewa, ga kuma waƙafi, wanda Jihar Sakkwato take da hukuma a kansa. Babu abin da zai hana rumfunan bakin tasha su zama waƙafin unguwa, kuɗin hayarsu ya tafi ga makaranta da magudanar ruwa.

6.0 Inda Ra'ayin Ya Yi Gaskiya

Adalci ya wajabta mu faɗi inda ra'ayin yake da amfani gare mu. Sakkwato ta yau ta wuce tsohon birni nesa. Tun da ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma a ƙarshen shekarun 1960, sa'an nan ta Jihar Sakkwato a 1976, garin yake bazuwa, kuma sababbin unguwanni da rukunin gidajen gwamnati sun bi tsarin nan na raba wurin kwana da wurin aiki, kowane gida da doguwar katanga da ƙofar mota. Mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana ƙetaren Rima, malamai da ɗalibai suna kai da komo kullum a kan hanyar da ambaliyar 2010 ta taɓa yankewa. A irin waɗannan wurare cutar da Calthorpe ya gani ta fara kama mu, maganinsa kuma zai yi aiki.

Haka kuma tsohon birni yana da nasa ciwo. Akwai lungunan da motar kashe gobara ko ta ɗaukar majinyaci ba ta shiga, akwai kwatamin da ke kwance a tsakiyar hanya, ga ƙarancin ruwan famfo, ga babura da ke tsere a inda yara ke wasa. Mai son Ƙofar Rini da gaske ba zai ce a bar ta yadda take ba. Abin da muke ja a kai shi ne bambancin gyara da rushewa.

Sa'an nan ba dole ne a fara da dogo ba. Birnin Kuritiba na ƙasar Brazil ya fara keɓe wa manyan motocin safa hanyarsu tun 1974, Legas ma ta bi sahu a 2008. Irin wannan hanya ta fi araha nesa, kuma ita ce za ta nuna inda fasinja yake kafin a binne kuɗi a ƙarfe. Duk abin da muka faɗa game da tashar jirgi ya hau kan tashar safa.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ba da shawarwari huɗu ga duk wanda zai zana taswirar sufuri ta Sakkwato ko wani tsohon birnin Hausa. Na ɗaya, layi ya bi gurbin ganuwa da manyan titunan da ake da su, tashoshi su zauna a bakin ƙofofi, inda zirga-zirga ta saba taruwa shekara ɗari biyu, kada dogo ya tsaga cikin shiyoyi, kada kuma a killace shi yadda zai raba maƙwabta. Na biyu, a auna yankin tasha da tafiyar ƙafa ta gaske, a lungunan da mutane ke bi, a watan Afrilu da azahar, kuma kuɗin bishiyoyi da rumfuna da ruwan sha da fitilu su shiga cikin kuɗin aikin tun farko. Na uku, a ƙidaya sana'ar zaure da ta tsakar gida kafin a taɓa katanga ɗaya, kuma mata ne za su shiga gidajen su yi ƙidayar. Na huɗu, a daidaita maganar ƙasa da magada da masu unguwanni kafin a bayyana inda tasha za ta zauna, domin in dillalan filaye suka riga talakawa jin labari, to, an gama.

Ya rage ga malaman jami'o'inmu, musamman na sassan tarihi da labarin ƙasa da tsarin birane da harsunan Nijeriya, su sa ɗalibansu su auna waɗannan unguwanni gida-gida, su rubuta sunayen lungunansu da sana'o'insu da hanyoyin da ƙafa ke bi, tun suna nan. Ranar da baƙon masani zai zo da taswirarsa da da'irarsa, ya kamata ya tarar da tamu a kan tebur tana jiransa.